Gani Ya Kori Ji, Amma Ganin Wa?

Hausawa suka ce gani ya kori ji. Tun ran da hoto ya shigo hannun jama'a wannan karin magana ya sami sabon mazauni, har ya zama in mutum biyu na gardama bisa wani al'amari, da ɗaya ya zaro hoto ya nuna, sai ɗayan ya kama bakinsa, magana ta mutu. Mun ɗauki hoto tamkar mai ba da shaida wanda ba ya karɓar toshiya, ba ya son zuciya, abin da ya gani shi ya ke faɗi. To, mu dai a ganinmu wannan yarda ta wuce kima, kuma lokaci ya yi da za a rage ta. Waɗanda suka farkar da mu kuwa waɗansu masu fasaha ne na zamanin nan, a Turai da Amurka da Afirka, waɗanda suka koma suna aiki da tsofaffin kyamarori da fim da majigi, watau kayan da kasuwa ta riga ta yar.

Wanda ya ji labarinsu daga nesa sai ya ce ƙauyanci ne, ko kuwa irin abin da ƙoshi kan sa mutum. Ga wayar hannu a aljihun kowa, tana ɗaukar hoto ɗari kafin ruwan shayi ya tafasa, me zai kai mai hankali ga akwatin da sai an lulluɓa da baƙin ƙyalle? Amma duk wanda ya bi ayyukansu ɗaya bayan ɗaya zai ga ruwa ba ya tsami banza. Abin da su ke nuna mana shi ne, hoto abu ne da a ke ƙerawa, yana da ƙa'idodi, kuma mutane ne suka kafa ƙa'idodin nan domin bukatar kansu. Sabo ne ya ɓoye mana su, sabo kuwa an ce turken wawa.

Yadda Kasuwar Fim Ta Faɗi

Bari mu ɗan koma baya domin mai karatu ya san inda aka fito. A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta Daguerre a birnin Faris. A 1888 wani Ba'amurke, George Eastman, ya fito da 'yar kyamara mai suna Kodak, da fim na hoto 100 a cikinta. In mutum ya gama ɗauka sai ya aika da ita kamfani a garin Rochester, a wanke masa hotunan, a ɗura wani fim, a mayar masa. Daga nan hoto ya fita daga hannun gwanaye kaɗai ya shiga hannun kowa. Amma ku lura da wani abu: tun daga ran nan rabin aikin ya koma bayan labule. Mai kyamara na danna maɓalli, sauran hukunci kuwa, na launi da haske da duhu, wani ne can ke yanke shi, ba tare da an yi shawara da shi ba.

A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak ɗin nan, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta fari, wadda ba ta bukatar fim. Nauyinta ya ɗara kilo 3 da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda, baƙi da fari, a cikin kaset. Ashe kamfanin ya haifi abin da zai cinye kasuwarsa ne. A 2009 aka daina yin fim mai launi na Kodachrome, wanda a ke yi tun 1935, kuma a ƙarshen 2010 shago na ƙarshe da ya rage a duniya mai wanke shi, a jihar Kansas, ya daina karɓa. A watan Janairu na 2012 Kodak ya kai kansa kotu neman kariya, bashi ya yi masa katutu. Ya farfaɗo a 2013, har yanzu ma yana yin fim, amma kasuwa ba ta koma yadda ta ke a da ba.

A daidai wannan lokaci ne masu fasahar da mu ke magana suka miƙe. Dalili kuwa a fili ya ke. Muddin abu na hannunmu kullum ba mu duba shi, da shi mu ke duba waɗansu abubuwa. Sai ran da ya tsufa, ya zama baƙo, sa'an nan mu kan juya shi mu ga ɗinkinsa.

Wadda Ta Yi Wa Fim Ban Kwana

Tacita Dean mutuniyar Ingila ce, an haife ta a 1965. A 2006, da ta ji masana'antar Kodak da ke garin Chalon-sur-Saône a Faransa na shirin barin aiki, sai ta je da kyamararta mai fim na milimita 16, ta ɗauki injuna suna jan fim kamar masaƙa na jan zare, ta yi silima na minti 44. Watau fim ne ya ɗauki hoton gidan haihuwarsa. A 2007 aka rushe ginin.

A 2011 kuma gidan nunin fasaha na Tate Modern a Landan ya ba ta babban zaurensa. Ta kafa allo mai tsawon mita 13 a tsaye, ta haska masa silima marar sauti na minti 11, wanda ta sa wa suna FILM. Dukan abin mamakin da ke ciki da hannu aka yi shi, ta hanyar rufe wani sashe na idon kyamara, da rina fim, da yanka shi a liƙa, ba kwamfuta a ciki. Har 'yan ramukan nan na gefen fim, waɗanda a ke ɓoye wa 'yan kallo a gidan silima, ta bar su kowa na gani. Hujjarta ita ce fim da dijital sana'a biyu ne dabam, kamar yadda mai zane da fenti dabam ya ke da mai sassaƙa, don haka bai kamata a kashe ɗaya don ɗaya ya zo ba.

Wani Ba'amurke kuma, Christopher Williams, wanda aka haifa a 1956, ya bi ta wata hanya. Shi hoton talla ya sa gaba. Yana da wani hoto na 2005 na wata mace tana dariya, ta naɗe kanta da tawul rawaya, irin wanda za ka zata tallar sabulu ce. Amma a gefe ya bar katin gwada launi na Kodak, wanda masu sana'a kan ajiye kusa da abin da za su ɗauka don su daidaita launi, su yanke shi kafin kowa ya gani. Ya kuma sa an ɗauki hotunan kyamarori da aka tsaga biyu, ana ganin hanjinsu. Kamar dai tela ne ya ba ka riga ya bar alli da zaren awo a jiki, don ka san wannan kyau da ka ke gani aunawa aka yi.

Mudun Da Aka Auna Fata Da Shi

Wannan kati na gwada launi shi ya kawo mu ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. A cikin shekarun 1950, sa'ad da hoto mai launi ya fara yaɗuwa, Kodak ya riƙa aika wa shagunan wanke hoto wani kati mai hoton wata Baturiya, wanda aka sani da sunan katin Shirley. Ma'aikaci zai yi ta murɗa injinsa har fatar matar nan ta fita daidai. Da ta fita daidai, sai a ce inji ya daidaita, duk hoton da aka kawo da wannan ma'auni za a wanke shi. Sakamakon haka, in an ɗauki yara farare da baƙaƙe a aji guda, fuskokin fararen su fita sarai, na baƙaƙen kuwa su dushe, ba abin da a ke gani sosai sai ido da haƙori.

Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin wannan al'amari ta buga sakamakonsa a 2009. Cikin abin da ta samo har da cewa kukan da ya taimaka aka gyara fim ya fito ne daga masu sayad da cakulan da masu kayan katako, waɗanda suka ce hajarsu mai launin ƙasa ba ta fita da kyau a talla. Sai a cikin shekarun 1990 aka yi katin da ya haɗa mata masu launin fata dabam dabam.

Adalci ya sa mu faɗi cewa fim na da iyakar abin da ya ke iya ɗauka tsakanin haske da duhu, wannan halinsa ne, ba ƙetar kowa ba ce. Amma inda za a kafa tsakiyar ma'auni, wannan mutum ne ya zaɓa. Kowa ya san hatsi ba ya zaɓen mudu, mai awo ke zaɓe.

Waɗansu abokan aiki biyu, Adam Broomberg ɗan Afirka ta Kudu da Oliver Chanarin ɗan Ingila, sun mai da wannan tarihi aikin fasaha. Sun tafi ƙasar Gabon da tsohon fim na Kodak wanda ya daɗe da wuce lokacinsa, suka ɗauki hotuna masu yawa, da aka wanke guda ɗaya tak ya fita. Suka nuna aikin a 2012. A shekara mai bi suka ɗauko wata tsohuwar kyamara ta kamfanin Polaroid mai suna ID-2, irin wadda a ke ɗaukar hoton katin shaida da ita. Tana da wani maɓalli mai ƙara ƙarfin walƙiya, wanda su suka ce an sa shi ne domin baƙar fata. Da kayan wannan kamfani aka riƙa ɗaukar hotunan takardun fas da gwamnatin wariyar launin fata ta tilasta wa baƙaƙen Afirka ta Kudu ɗauka, takardun da 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville a 1960 suna zanga-zanga a kansu. A 1970 waɗansu baƙaƙen ma'aikatan Polaroid biyu a Amurka, Caroline Hunter da Ken Williams, suka tayar da ƙura a kan wannan ciniki, har kamfanin ya janye daga ƙasar a 1977. To, da wannan kyamara ta shiga hannun Broomberg da Chanarin, sai suka zaga Afirka ta Kudu da ita suna ɗaukar ganyaye da furanni, suka ƙi auna ta a fuskar ko wane mutum. Wanda ya san tarihinta ya san abin da su ke nufi.

Labule Da Rediyon Aro

Kada a zaci ƙa'idodin hoto duk na zalunci ne. Waɗansu mu da kanmu mu ke so. Duk wanda ya taɓa shiga shagon mai hoto a ranar salla ya san tsarin: labule mai zanen bene ko jirgin sama a baya, furen roba a gefe, wayar tarho wadda ba ta haɗe da komai, mai hoto na cewa a ɗaga haɓa, kada a motsa. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya kan ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur domin masu zuwa su ara su ɗauki hoto da su. Hotunansa yau suna manyan gidajen nuni na duniya. Wanda ya dube su ya ce kowa a Bamako na da rediyo a zamanin nan ya yi kuskure. Abin da su ke shaida shi ne burin mutanen, da yadda su ke so a gan su, wannan kuwa tarihi ne mai daraja ga wanda ya iya karanta shi.

Samuel Fosso ya ɗauki wannan al'ada ta shago ya juya ta kansa. An haife shi a Kumba ta ƙasar Kamaru a 1962, ya yi ƙuruciya a gabashin Nijeriya, yaƙin basasa ya raba shi da gida, ya buɗe shago a birnin Bangi na Afirka ta Tsakiya a 1975 yana ɗan shekara 13. In an tashi aiki da dare, sauran fim ɗin da ya rage a kyamara ba ya barinsa ya tafi banza, sai ya sake tufafi ya ɗauki kansa, ya aika wa kakarsa. A 2008 ya yi jerin hotuna inda ya shiga kamannin Nkrumah da Lumumba da Mandela da Muhammad Ali da waɗansu, yana kwaikwayon sanannun hotunansu, tsayuwa da kallo da tufafi. Mai kallo na gane ko wanne nan take, alhali kuwa duk mutum guda ne. A nan ne mutum zai gane cewa yawancin abin da mu ke kira kwarjinin shugaba a hoto tsari ne da a ke iya koya.

A 2014, cikin tarzomar Bangi, aka wawashe gidansa. Waɗansu baƙi, cikinsu har da 'yan jarida masu ɗaukar hoto, su suka tsince dubban nagatif ɗinsa daga ƙasa, watau fim ɗin da aka wanke, wanda daga jikinsa a ke buga hoto. Da ba su bi ta wurin ba, da aikin shekara kusan 40 ya bi iska.

Abin Da Za A Iya Faɗi A Kansu

Mun san wani zai ce, duk wannan wasan masu hali ne, fim tsada gare shi, talaka ina ruwansa? Akwai gaskiya a ciki. Akwai ma waɗanda ke rataya tsohuwar kyamara don ado kawai, kamar yadda wayar hannu ke iya shafa wa sabon hoto launin tsufa cikin ƙiftawar ido. Waɗannan ba su mu ke yabo ba. Ba kuma cewa mu ke yi a koma fim ba. Wayar hannu ta ba matar ƙauye ikon aika hoton jaririnta ga mijinta da ke ci-rani, abin da fim bai taɓa yi mata ba, kuma ba mai hankalin da zai so a karɓe wannan.

Abin da mu ke cewa shi ne darasin tsohuwar na'ura ya shafi sabuwa, don labulen nan da Eastman ya rataya a 1888 bai yaye ba, ƙara kauri ya yi. Wayar zamani kan gyara haske da launi da santsin fata da kanta kafin mai ita ya ga hoton. A 2018 wata mai bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Joy Buolamwini, wadda iyayenta mutanen Gana ne, tare da Timnit Gebru, suka gwada na'urorin kamfanoni uku masu duba fuska su ce namiji ne ko mace. A kan maza masu farar fata kuskuren bai wuce kashi 0.8 cikin 100 ba. A kan mata masu baƙar fata kuwa ya kai har kashi 34.7 cikin 100. Ashe katin Shirley bai mutu ba, cikin kwamfuta ya koma. Yanzu da a ke ƙara dogara da irin waɗannan na'urori a banki da filin jirgi da wajen rajista, wannan ba maganar ado ba ce.

Sa'an nan ga abin da ya fi wannan. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci kyauta a gasar hoto ta duniya ta Sony da hoton mata biyu, baƙi da fari, mai kama da na zamanin kakanni. Ya ƙi karɓar kyautar, ya ce ba kyamarar da ta ɗauki matan nan, ba su ma taɓa rayuwa ba, kwamfuta ce ta ƙaga su bisa umurninsa, ya kuma shiga gasar ne don a tayar da maganar. Ku duba, kamannin tsufa da mu ke ɗauka alamar gaskiya, shi ma ana iya ƙera shi.

Shawararmu

Ga abin da mu ke gani ya kamata. Na farko, yadda a ke koya wa yaro karatun baƙi, haka ya kamata a koya masa karatun hoto, kuma a fara daga makarantun horad da malamai. Tambaya huɗu sun isa a fara da su: wa ya ɗauka, a ina ya tsaya, me ya bari a waje, wa zai amfana in mun gaskata? Ba a bukatar kuɗi domin darasin farko. A toshe tagogin aji da kwali har ya yi duhu, a huda 'yar ƙofa ƙanƙanuwa a ɗaya, da rana tsaka yara za su ga itatuwa da masu wucewa sun bayyana a bango, kai ƙasa ƙafa sama. Ibn al-Haisam ya bayyana sirrin wannan a Alƙahira tun ƙarni na 11, kuma ko wace kyamara daga nan ta samo asali. Yaron da ya ga haka da idonsa ba zai ƙara ɗaukar hoto abin tsafi ba.

Na biyu, a ceci nagatif na tsofaffin masu hoto na garuruwanmu tun zafi da gara ba su gama da su ba. A cikin akwatunan nan akwai naɗin sarauta, da ɗaurin aure, da 'yan makaranta, da irin ɗinki da kitso na zamanin da ya wuce. Iyalan da suka gaji irin wannan kaya kada su zubar, kada su ƙone. Su adana su a wuri mai sanyi marar laima, su nemi shawarar wurare irin su Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, ko Gidan Makama a Kano.

Na uku, wanda ke da tsohon hoto a gida ya zauna da dattijon da ya rage, ya rubuta sunayen mutanen da ke ciki, da gari, da shekara, da fensir a bayansa. Hoton da ba suna maraya ne, kowa na iya laƙa masa labarin da ya ga dama.

Ba mu ce a daina gaskata hoto ba. Mun ce a yi masa abin da alƙali kan yi wa ko wane mai shaida, a tambayi asalinsa da wanda ya kawo shi, sa'an nan a karɓi maganarsa.